Taurari biyar da idon kamara mai faɗin gani: a duba gefen hoto kafin a biya

Duk lokacin da aka rufe wani taron ƙara wa juna sani a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, akwai wata al'ada da ba ta tashi. Mahalarta su fito bakin zauren taro su jeru, manya su zauna bisa kujeru a tsakiya, sauran jama'a su tsaya baya da gefe, a ɗauki abin da ma'aikata ke kira hoton iyali. Kafin a ƙare rabon kuɗin guzuri, mai hoto ya riga ya wanko, ya baza bisa tebur, kowa ya zo ya nemi fuskarsa ya biya. Wanda ya saba tsayawa kusa da teburin nan ya san yadda cinikin ke gudana. Shugaban taro da na kusa da shi suna saye ba gardama, domin sun fito sarai. Waɗanda suka tsaya a ƙarshen sahu kuwa, wato sakatarori da direbobi da ƙananan ma'aikata, sai su ɗauki hoton su juya, su ga kansu ya baje kamar faifai, fuska ta dushe, su aje su wuce. Ribar mai hoto tana hannun waɗannan na gefe, kasancewar su ne mafi yawa.

Sau da dama laifin yana ga gilashin da ke gaban kamara, wanda wasu ke kira idon kamara, masu sana'ar kuma ke ce ma abjektif. Don a shigar da mutum sittin cikin hoto guda ba tare da an ja da baya har bakin titi ba, dole ne a yi aiki da ido mai faɗin gani. A yau irin wannan kaya daga kasuwannin intanet ake zaɓen shi, ko ɗan kasuwa ya yo odar shi daga Dubai ko Sin, ko mai hoto ya aika wa ɗan'uwa da ke Faransa. Abin da ke yi musu jagora wajen zaɓe shi ne taurarin nan da masu saye ke bai wa kaya, daga ɗaya zuwa biyar. To, tambayar ita ce: taurarin nan mi suke aunawa, kuma har ina ya kamata mai kuɗi ya amince da su?

Abin da lambobi ke nufi

Kowane idon kamara yana da lamba ta milimita rubuce a jikinsa. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin abin da yake kwasowa. A bisa kamara mai cikakken fili, wato wadda farantin ɗaukar haskenta ya kai milimita 24 bisa 36 kamar fim ɗin da, ido mai milimita 50 yana ganin kusan digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai 35 yana ganin digiri 63, mai 28 digiri 75, mai 24 digiri 84, mai 14 kuwa har digiri 114. Daga 35 zuwa ƙasa ne ake cewa ido mai faɗin gani.

Ƙera irin wannan ido aiki ne mai wuya tun asali. A cikin kamarorin da ke da madubi mai ɗagawa, gilashi ba ya iya matsowa kusa da fim, alhali kuwa faɗin gani yana bukatar wannan kusanci. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Angénieux ne ya fito da mafita a 1950, da idonsa mai milimita 35 da ya sa wa suna Retrofocus: ya aza babban gilashi mai baza haske a gaba, mai tattara shi a baya. A 1954 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da Biogon mai milimita 21, ƙirar Ludwig Bertele, wanda ke ganin digiri 90. Tun daga lokacin an ci gaba ƙwarai, amma matsalar da waɗannan magabata suka yi fama da ita tana nan: tsakiyar hoto tana da sauƙin gyara, hasken da ke shigowa a karkace zuwa gefe shi ne mai taurin kai.

Saboda haka kusan dukan aibin ido mai faɗin gani a gefe yake taruwa. Akwai lanƙwasar layi, inda ginshiƙi miƙaƙƙe ke fitowa da ciki kamar ganga. Akwai duhun kusurwa, inda sararin sama ke yin baƙi-baƙi a lungunan hoto huɗu. Akwai dushewar gefe, inda tsakiya ke da kaifi amma fuskokin ƙarshen sahu sun narke. Akwai zanen launi, ja ko shuɗi ko kore, da ke bin bakin farar riga ko reshen itace. Akwai kuma ƙyallin rana, wanda ke watsa ɗigo-ɗigo da hazo cikin hoto, domin ido mai faɗi da wuya ya kauce wa rana. Mai kallon hoto a fuskar salula ba zai lura da ko rabin waɗannan ba. Wanda ya wanke hoton ya kai santimita 30 bisa 40 ya rataya a biro, shi ke ganinsu kullum.

Wa ke ba da taurari?

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, masu ba da taurari ba su wakiltar dukan masu saye. Wanda ya sayi kaya, da ma yana son shi tun kafin ya biya. A cikin masu sayen kuma, waɗanda suka ji daɗi matuƙa da waɗanda ransu ya ɓaci matuƙa su ne ke ɗaukar wahalar rubutawa. Na tsaka-tsaki su yi shiru. Masana sun daɗe da lura da haka: a 2009 wasu masu bincike uku, Hu da Pavlou da Zhang, suka bayyana cewa ra'ayoyin masu saye a intanet sun fi taruwa a tauraro biyar, sai ɗan tsibi a tauraro ɗaya, tsakiya kusan wayam. Shi ya sa a cikin shagon intanet kusan kowane ido na da 4,5 ko 4,7, mai kyau da marar kyau, har lambar ta daina rarrabe komai.

Na biyu, lokacin da ake ba da taurarin. Yawanci cikin kwanakin farko ne, kaya na sabo, ɗoki bai kwanta ba. Wanda ya zuba jika ɗari biyar cikin gilashi guda ba ya saurin yarda cewa ya yi asara, ko a gaban kansa. Wani kuma ya ba da tauraro ɗaya don kwali ya iso a murɗe, ko don an jinkirta kawowa, abin da bai shafi ingancin gilashin ba ko kaɗan.

An taɓa auna wannan magana da ma'auni. A 2016 wasu malamai uku, de Langhe da Fernbach da Lichtenstein, suka wallafa wani bincike inda suka kwatanta taurarin masu saye na Amazon da sakamakon gwajin ƙwararru na mujallar Consumer Reports ta Amurka, bisa kaya 1272 daga rukuni 120. Suka tarar in an ɗauki kaya biyu na rukuni guda, wanda ya fi taurari yakan zama shi ne ya fi inganci a gwajin ƙwararru sau 57 kawai cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai dace sau 50. Sun kuma lura cewa kaya mai tsada da mai babban suna yana samun ƙarin taurari ko da ingancinsa bai wuce na wani ba. Binciken ya shafi kayayyaki iri-iri ne, amma darasinsa ya hau kan idon kamara daidai.

Sai kuma shaidar zur. Kamfanin Amazon da kansa ya ce ya toshe ra'ayoyi fiye da miliyan 200 da yake zargin na ƙarya ne a shekarar 2022, kuma a 2021 ya kori wajen tamburan kaya 600 na ƴan kasuwar Sin saboda maguɗin ra'ayoyi. A watan Agusta na 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da ra'ayoyin ƙarya. Ba a kafa doka a kan abin da bai yawaita ba.

Inda taurari suka fi ɓatar da mai neman faɗin gani

Ko da an ɗauka cewa kowane mai ba da tauraro mai gaskiya ne, akwai dalilai huɗu da suka sa shaidarsa kan ido mai faɗi ke iya zama daidai a wurinsa, kuskure a wurin wani.

Dalili na farko shi ne girman farantin kamara. Kamarori da yawa masu sauƙin kuɗi, irin Canon 700D ko 2000D, da Nikon D3200 ko D5300, farantinsu ƙarami ne. Yana yanke gefen abin da gilashi ya kawo, ya riƙe tsakiya. Ana ninka lambar ido da 1,6 ga Canon, da 1,5 ga Nikon. Ido mai milimita 24 a kan ƙaramar Canon yana aiki kamar 38, wato faɗin ya kusan tafiya. Mai irin wannan kamara da ya ɗaura idon da aka ƙera don cikakken fili bai taɓa ganin kusurwoyinsa na ainihi ba, don haka ya ba da taurari biyar da zuciya ɗaya. Mai Canon 6D ko Nikon D750 da ya bi shaidarsa, shi ne zai ci karo da dushewar. Haka nan akasin haka: mai ƙaramar kamara ya karanta yabon faɗin milimita 24 daga masu cikakken fili, ya saya, ya tarar har yanzu sai ya ja da baya. Shi abin da ke masa amfani shi ne ido kamar mai 10 zuwa 18, ko 10 zuwa 20.

Na biyu shi ne bambancin kwafi da kwafi. A cikin ido guda akwai gilasai goma, ko goma sha biyar, jere bisa layi ɗaya. In ɗaya ya goce da abin da bai kai kaurin gashi ba, sai gefen dama ya fito da kaifi, na hagu ya dushe. Wani likita Ba'amurke mai suna Roger Cicala, wanda ya kafa gidan hayar kayan hoto na Lensrentals a 2006, ya yi suna wajen auna kwafi goma-goma na ido iri guda a kan na'urar gwaji, ya nuna cewa ko a manyan kamfanoni kwafi ba su zama ɗaya, musamman idanu masu zuƙowa. Taurarin mutum dubu labarin kwafinsu suke bayarwa. Wanda ke cikin kwalin da ya iso Maraɗi, babu wanda ya taɓa gwada shi.

Na uku shi ne gyaran da kamara ke yi a ɓoye. Sabbin kamarori marasa madubi suna miƙe lanƙwasar layi, su haskaka kusurwa, tun kafin mai hoto ya ga hoton, kuma akwai idanu da yawa na yanzu da aka ƙera su da niyyar a dogara ga wannan gyara. Wanda kamararsa ta san idon zai ce ba shi da aibi. Wanda ya ɗaura ido ta hanyar zoben haɗi a kan kamarar da ba ta san shi ba, zai ga aibin tsirara.

Na huɗu kuwa ya juya ne ta ɗaya ɓangaren: akwai abin da ake zargin gilashi da shi alhali ba laifinsa ba ne. Bajewar kai a gefen hoto lissafi ne na kusurwa, kuma ido mafi tsada a duniya ba ya kauce masa muddin yana miƙe layuka. Kan mutumin da ke can ƙarshen sahu yana ƙara faɗi da kusan kashi 12 cikin 100 a milimita 35, da rubu'i a milimita 24, da rabi a milimita 16. Mai karatu na iya tabbatar da haka da salularsa: maɓallin nan mai alamar 0,5 ido ne mai faɗin gani, wanda a iPhone 11 ta 2019 ya kai digiri 120. A tsayar da yaro a gefe a ɗauka, a ga yadda zai koma. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganin wannan yana hannun mai hoto: ya ja da baya, ya jera mutane sahu uku ko huɗu maimakon dogon layi guda, ya bar fili a dama da hagu, kada ya sauka ƙasa da 28 ko 35 in fuskoki ne abin sayarwa. Milimita 14 da 16 na gine-gine ne da cikin ɗaki da filin kokowa.

Ban da waɗannan akwai yanayin ƙasa. Mafi yawan masu ba da taurari suna zaune ne inda babu ƙurar hunturu, babu zafin watan Afrilu mai haura digiri 40. Ido mai zuƙowa wanda hancinsa ke fita yana komawa, iska yake shaƙa tare da ƙurarta. Ido mai ƙullutun gilashi a gaba, kamar Nikon 14-24 da ya fito a 2007, ƙwararru sun yaba shi ƙwarai, amma ba a iya murɗa masa gilashin kariya na yau da kullum, ga shi rairayi ba ya tausayin gilashi. Na hannu kuma, wanda ya daɗe a ajiye a gari mai laima irin na bakin teku, yakan yi fumfuna daga ciki, kamar saƙar gizo, wadda ke cin shafen gilashin.

Yadda za a ci amfanin su

Duk da haka ba a ce a yi watsi da shaidar masu saye ba. Akwai abin da suka fi ɗakin gwaji sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: injin saita gani da ke mutuwa bayan shekara, robar da ke saɓulewa, murfin da ke faɗuwa, nauyin da ke gajiyar da wuya a yinin biki. Ɗakunan gwaji irin DxOMark na Faransa, da ya fara aiki a 2008, suna auna kaifi da lanƙwasa da duhun kusurwa da lambobi, amma ba su rayuwa da kayan shekara uku. Mai hankali ya haɗa biyun.

Wajen karatu, a fara duban yawan masu shaida. Ido mai taurari 5 daga mutum huɗu bai kai mai 4,4 daga mutum ɗari huɗu abin dogara ba. Sa'an nan a tsallake masu biyar da masu ɗaya, a nemi masu uku da masu huɗu, domin a nan ake samun wanda ya faɗi alheri ya kuma faɗi aibi. A duba ko ya ambaci sunan kamararsa, da irin aikin da yake yi, da tsawon lokacin da ya yi da kayan. In mutum goma da ba su san juna ba sun koka da abu guda, misali gefen hagu, ko ƙyallin rana, to magana ce. In kuwa yabo ya zubo cikin mako guda da kalmomi masu kama da juna, ba sunan kamara, ba hoto, to a yi hattara.

Bayan karatu sai gwaji, tun da gani ya kori ji. Gwajin ba ya cin rabin awa. A aza kamara bisa ƙafafunta a gaban katangar bulo, a daidaita ta sosai, a ɗauka da ƙofar haske a buɗe duka, a sake ɗauka a f/8. A buɗe hotunan a kwamfuta, a zuƙo su har iyaka, a kwatanta kusurwoyi huɗu. In sun ɗan fi tsakiya laushi amma sun yi daidai da juna, kuma suka gyaru a f/8, wannan halin ido mai faɗi ne. In ɗaya ta bambanta da sauran, kwafin ne ya goce, a mayar da shi. Sa'an nan a saita gani bisa wani abu mai nisa, kamar tankin ruwan gari ko hasumiyar masallaci, a sa shi a kowace kusurwa bi da bi ba tare da an taɓa saitin ba. A ɗauki hoto guda da rana a gefe. Daga ƙarshe a cire idon, a haska tocila ta bayansa a leƙa ta gaba: ƴar ƙura ba ta da lahani, amma hazo ko saƙar gizo dalili ne na fasa ciniki.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci

Ɗan kasuwan da ke shigo da irin wannan kaya yana da haɗari biyu. Na farko, bakin ɗauri: Canon na da EF tun 1987 da RF tun 2018, Nikon na da F tun 1959 da Z tun 2018, Sony na da E. Idon RF ba ya hawa kamarar EF, na Z ba ya hawa ta F, komai yawan taurarinsa. Kafin a yi oda sai a zagaya wurin masu hoton gari a ga kamarorin da ke hannunsu. Na biyu, mayar da kaya. Mai saye a Turai yana da kwana 14 na fasa cinikin da ya yi daga nesa, shi ya sa kwafi marar kyau ba ya tayar masa da hankali. Wanda kayansa suka biyo jirgi da mota, aka biya duwan, ba shi da wannan gata. Gara ya sa wakilinsa ya yi gwajin katanga can inda aka saya, ya aiko da hotunan cikakku, kafin a ɗaure kaya. In kuma ya bar mai hoto ya gwada a ƙofar kanti kafin ya biya, ya sayi amana da araha.

Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan hoto na ma'aikata ko na wani shiri, kuɗin jama'a ne a hannunsa. Bai isa ya rubuta "ido mai faɗin gani, mai inganci" a takardar oda ba, balle ya kafa hujja da taurari. Ya rubuta sunan kamarar da ke akwai, da bakin ɗaurinta, da milimita, da ƙofar haske, ya kuma sa sharaɗin cewa ba za a sa hannu a takardar karɓar kaya ba sai mai hoton ma'aikata ya gwada. In an yi haka, ranar rufe taro na gaba, direba da sakatariya da ke ƙarshen sahu su ma za su gane fuskarsu, su sa hannu aljihu.